Zare: "Integral", kalmar Turancin da ta yi kusan shekara 40 tana mulkin Mubi da Dikwa

1/ Zaren yau a kan kalma ɗaya ce tak ta Turanci: "integral". Kar ku gudu, ba ajin nahawu na buɗe ba 😅 Kalma ce da rigimarta ta kai har kotun duniya, kuma tana da hannu a yadda mutumin Mubi da na Gwoza suka wayi gari 'yan Najeriya. Ku gyara zama. 🧵

2/ Ga yadda abin ya faro. Ƙanena yana shirin JAMB. Bayan isha'i ya same ni a majalisarmu nan Darmanawa, riƙe da littafin tsofaffin tambayoyi, wajen nan da ake cewa ka zaɓi kalmar da ta fi kusa a ma'ana. Ya ce, "Yaya, wannan 'essential' take nufi ko 'whole'? Ƙamusun waya duka biyun ya ba ni."

3/ Na gyara murya zan yi masa burga, sai wani dattijo maƙwabcinmu, ɗan asalin Mubi da ya yi aiki ya yi ritaya a Kano, ya miƙo hannu daga kan tabarmarsa. "Yaro, kawo in gani." Ya duba ya yi dariya. "Ai wannan ita ce ta yi kusan shekara arba'in tana mulkinmu." Muka ce, "Baba, kamar yaya?"

4/ Labarin da ya ba mu a daren shi ya tura ni tone-tone. Bari mu fara da ita kalmar kanta. Tushenta Latin ne, "integer", wato abin da ba a taɓa ba. Ba a gutsura ba, ba a ɓalle masa komai ba. Kamar gurasar da ba a yaga ba, ko ƙwaryar da ba ta san tsaga ba.

5/ Danginta a Turanci kun san su. "Integer" ta lissafi: lamba marar rabi ko kwata, irin su 3 da 7 da 40. "Integrity": halin mutumin da ba a gutsuri mutuncinsa ba. "Entire" ma 'yar gidan ce, ta biyo ta Faransanci. 'Yan ajin kimiyya kuma sun san wata "integral" ɗin mai sa ciwon kai, wadda Jacob Bernoulli ya fara buga sunanta a 1690: tara ƙananan gutsattsari har su ba da jimla.

6/ To daga nan kalmar ta yi fuska biyu. Wani lokaci tana siffanta abin ne gaba ɗayansa, cewa ya cika, ba gibi. Wani lokaci kuma tana siffanta ɓangare ɗaya ne, wanda in babu shi abin bai cika ba. Don haka ƙamusun ƙanena bai yi ƙarya ba. Jimlar da kalmar ta zauna a ciki ita ke faɗa maka wace fuska ta juyo.

7/ 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun ɗan huta, don Faransanci ya raba musu gida. In cikakke ake nufi sai a ce "intégral". In ɓangaren da ba ya rabuwa ake nufi sai a ce "partie intégrante". Ku riƙe wannan ta biyun, ita ce "integral part" a Turanci, kuma ita Baba yake magana a kai.

8/ Mu koma tarihi. A 1884 Jamus ta kafa tutarta a gaɓar Kamaru, daga baya ta yi ta hawowa arewa har Tafkin Chadi. Da Turawa suka ja layinsu, Yola ta faɗa hannun Ingila, amma babban kaso na ƙasar Lamiɗon Adamawa ya faɗa hannun Jamus. Dikwa ma haka, aka yanke ta daga sauran Borno. Mubi, Madagali, Gwoza, Bama duk ɓangaren Jamus suke.

9/ Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914. Sojojin Ingila da na Faransa suka far wa Kamaru ta kowace kusurwa. Sansanin Jamus na ƙarshe, wanda ke kan dutsen Mora, ya miƙa wuya a Fabrairun 1916. Aka raba ganima: Faransa ta ɗauki kusan kashi huɗu cikin biyar, Ingila ta ɗauki wani siririn zirin ƙasa da ya jingina da iyakar Najeriya.

10/ A 1922 majalisar ƙasashe ta wancan zamani, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da rabon. Amma da sharaɗi: ba mallaka aka ba su ba, riƙon amana ne. Za su kula da ƙasar da mutanenta, kuma duk shekara su kai rahoton yadda suke tafiyar da ita.

11/ Sai dai a cikin takardar amanar akwai wata gaɓa da ta ba Ingila damar tafiyar da yankin da dokokinta, a matsayin "integral part" na ƙasar da take mulka. Kun ga inda gizo ke saƙar? Takarda ɗaya ta ce ajiya ce, ita dai takardar ta ce ka ɗauke ta kamar gaɓar jikinka.

12/ Misali a Hausance: an ba ka ajiyar akuya, aka ce ba taka ba ce, amma kana iya zuba ta cikin garkenka, turke ɗaya, dusa ɗaya, makiyayi ɗaya. Bayan shekara 40 mai ajiya ya dawo ya ce a ware masa akuyarsa da 'ya'yanta. To bismilla, ware mu gani.

13/ Haka kuwa aka yi. Ba a yi wa Arewacin Kamarun Ingila babban birni nasa ba. Dikwa aka liƙa ta da Lardin Borno. Su Mubi da su Ganye aka liƙa su da Lardin Adamawa, ƙarƙashin En'e ta Yola. Wani ɗan yanki can kudu aka haɗa shi da Lardin Binuwai. Haraji, kotun alƙali, 'yan doka, duk tsarin Jihar Arewa ne.

14/ A Disambar 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka sabunta amanar a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Aka sauya abubuwa da dama, aka ƙara cewa manufa ita ce a kai mutane ga mulkin kansu. Amma waccan kalma ba ta motsa ba. Ta sake bayyana a sabuwar yarjejeniyar, daram.

15/ Kuma ba a nan kaɗai ta yi aiki ba. Afirka ta Kudu ta samu irin wannan lafazi a takardar amanar ƙasar da yau ake kira Namibiya, ta riƙe ta gam har 1990. Faransa kuwa tun 1848 ta ayyana Aljeriya a matsayin wani ɓangare na Faransa kanta. Sai da aka yi yaƙi daga 1954 zuwa 1962 kafin a gane ashe ɓangaren yana ciruwa.

16/ Abin lura: in mai mulki ya ce wuri kaza "integral part" ne na ƙasarsa, sau da yawa ba bayanin yadda abu yake yake yi ba, burinsa yake faɗa. Har gobe in kun saurari labaran duniya a rediyo za ku ji ana cewa yanki kaza "ɓangare ne da ba za a iya raba shi da ƙasar ba". To ku tambaya: wa ya faɗa, kuma an tambayi mutanen wurin?

17/ A namu labarin an tambaye su. Da 'yancin Najeriya ya matso, Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'ar raba gardama a Nuwamban 1959. Zaɓi biyu: ku zama cikin Jihar Arewa ranar da Najeriya ta samu 'yanci, ko kuwa a ɗage maganar sai nan gaba. A Kaduna an ɗauka an gama, ai 'yan gida ne.

18/ Sakamako ya fito: mutum 70,546 suka ce a ɗage, 42,788 suka ce Najeriya. Wato kusan kashi 62 cikin 100 sun ce a dakata tukuna. Mutanen da takarda ta yi shekara 37 tana kira gaɓar jiki, da aka ba su dama sai suka ce "mu yi shawara".

19/ Me ya jawo? Masana tarihi da dama sun karanta ƙuri'ar a matsayin fushi da mulkin En'e, musamman hakiman da ake turowa daga Yola kan al'ummun duwatsu, da ƙorafin haraji yana tafiya amma makaranta da asibiti da hanya ba sa zuwa. Baba ya taƙaita mana shi: "A takarda mu gaɓa ne. A gaban hakimi cikon benci ne."

20/ Wannan mari ya farkar da kowa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a raba mulkin yankin da na Najeriya kafin 1 ga Oktoban 1960. Aka kawo Baturen mulki na musamman, Sir Percy Wyn-Harris. Aka yi wa En'e garambawul, aka ba yankuna hukumominsu. Sardauna Ahmadu Bello kuma ya yi alkawarin in sun zaɓi Najeriya za su zama lardi mai zaman kansa, ba jelar Yola ba.

21/ Aka dawo zagaye na biyu ranakun 11 da 12 ga Fabrairun 1961. Wannan karon babu "sai nan gaba". Ko Najeriya ko Jamhuriyar Kamaru. Kuma ga wani abu da ba a cika faɗa ba: a wannan ƙuri'a mata sun jefa tasu, don Majalisar ta ce duk baligi ne zai yi zaɓe, namiji da mace.

22/ Ku auna wannan. A lokacin, matar Kano ko Katsina ko Zariya ba ta da ƙuri'a. Su Hajiya Gambo Sawaba suna ta shan ɗauri da duka kan gwagwarmaya. Sai a 1976 matan Arewa suka fara zaɓe. Baba ya ce mahaifiyarsa ta riga matan Kano shiga layin ƙuri'a da shekara 15, kuma har ta rasu tana yi wa surukarta Bakanuwa gori 😂

23/ Sakamakon 1961 a Arewacin Kamaru: Najeriya 146,296, Kamaru 97,659. A Kudancin Kamaru, su Bamenda da Buea, aka yi akasin haka, suka zaɓi Kamaru da gagarumin rinjaye. Ranar 1 ga Yunin 1961 yankin arewa ya shigo Najeriya, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna, hedikwata a Mubi.

24/ Shugaban Kamaru Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, bai haɗiye ba. Ya ayyana ranar 1 ga Yuni a matsayin ranar makoki. Kuma kwana biyu kafin nan, ranar 30 ga Mayu, gwamnatinsa ta riga ta maka Ingila a Kotun Duniya da ke birnin Hague.

25/ Mene ne ƙarar? A taƙaice: an ba ku amana, kun narkar da ita cikin Arewacin Najeriya, ba ku bar yankin ya yi tsayuwar kansa ba, don haka ranar zaɓe kun riga kun karkata ma'auni. Ingila kuma tana da amsa a aljihu: ai yarjejeniyar ce ta ce mu tafiyar da shi a matsayin "integral part". Ka ji akuyar ajiya.

26/ Ranar 2 ga Disambar 1963 kotun ta yanke cewa ba za ta shiga gundarin ƙarar ba. Dalili: Majalisar Ɗinkin Duniya ta riga ta rufe amanar, yankin ya riga ya shiga Najeriya, duk hukuncin da za a yi ba abin da zai sauya. Wato ba a taɓa yanke wa kalmar hukunci ba. Bakin alƙalami ya riga ya bushe.

27/ Yau wannan yanki ya bazu a jihohi uku. A Borno akwai su Dikwa, Bama, Gwoza, Ngala. A Adamawa akwai su Mubi, Michika, Madagali, Ganye, Jada. A Taraba akwai su Gashaka da tsaunin Mambila, inda ƙaramar hukumar Sardauna mai hedikwata a Gembu take riƙe da tsohon sunan har yanzu.

28/ In kuna ganin tsohon zance ne, ku tuna 2019. A kotun ƙarar zaɓen shugaban ƙasa, lauyoyin APC sun kawo hujjar cewa Atiku Abubakar ba haifaffen ɗan Najeriya ba ne, don an haife shi a Jada a 1946, lokacin tana ƙasar amana. Kotu ba ta karɓi hujjar ba. Ba siyasa na kawo ba, nuna muku nake yi maganar 1922 tana iya tasowa a zamanin Facebook.

29/ To yanzu mu dawo gida. Da a ce kai aka ba takardar nan ka mayar Hausa, me za ka rubuta? Gaskiyar magana, Hausa ba ta da tagwayen wannan kalma guda ɗaya. Abin da take da shi ya fi haka: gida biyu ne, kowanne da 'ya'yansa, kuma kowane ɗa da aikinsa.

30/ Gidan farko, na cika. Cikakke, duka, gaba ɗaya, baki ɗaya, ɗaukacin, ilahirin, sukutum, kacokan, ɗungurungum, kaf. Kar ka ɗauka duk ɗaya ne. "Cikakken bayani" babu abin da aka rage. "Rago sukutum" ba a yanka shi gunduwa-gunduwa ba. "Ya kwashe kaf" bai bar ko ɗaya ba. "An miƙa masa kacokan" babu wanda ya rage da hannu a ciki.

31/ A wannan gida akwai baƙin da suka zama 'yan gari, daga Larabci: kammala, kamala, kamili, jimla. Ku lura da wani abin sha'awa. Bature ya tashi daga "abin da ba a gutsura ba" ya isa "integrity". Bahaushe ya tashi daga "abin da ya cika" ya isa "cikakken mutum" da "mutum kamili". Hanya daban, masauki ɗaya: mutunci cika ne.

32/ Gida na biyu, na abin da ba a yi sai da shi. A nan Bahaushe gini da noma ya duba. Ginshiƙi shi ke ɗauke da rufin soro. Shika-shikai su ke tallafe rumfa, shi ya sa muke cewa shika-shikan Musulunci. Tubali da shi ake tayar da bango. Tushe kuwa in ya ruɓe, reshe ba ya da ta cewa.

33/ Jigo fa? Yau in an ce "jigo a jam'iyya" sai ka hango babbar riga. Asalinsa itacen nan ne da masu lambu ke kafawa a bakin rijiya ko fadama, su ɗaura guga suna ɗebo ruwan ban-ruwa. In jigo ya karye, lambu ya bushe. Daga can malaman adabi suka aro shi suka ce "jigon labari", 'yan siyasa ma suka ara.

34/ Amma kalmar da ta fi kowacce dacewa, a ganina, tana zauren malam, ba ajin boko ba. Duk wanda ya zauna gaban Ahalari ko Ishmawi ko Risala an koya masa bambancin abin da yake cikin ibada da abin da yake wajenta. Malaman fiƙihu suna kiran na farko rukuni, na biyu sharaɗi.

35/ Alwala sharaɗi ce. Dole ce, babu salla sai da ita, amma ba cikin sallar take ba, kafin a tayar ake yin ta. Fuskantar alƙibla da shigar lokaci ma sharuɗɗa ne. Ruku'u da sujada kuwa rukunai ne, farillan da da su aka gina sallar kanta. Cire sujada, abin da ya rage ba salla ba ne. To wannan ita ce "integral" ɗin, tsaf.

36/ Ba shaci-faɗi na yi ba. Da Nuh Keller ya fassara littafin fiƙihun Shafi'iyya, Umdatus Salik, zuwa Turanci, kalmar da ya zaɓa wa rukunai ita ce "integrals". Wato abin da ɗalibin JAMB yake haddacewa da ƙyar, almajirin zaure ya daɗe da sanin sa. Sunan ne kawai ba a haɗa musu ba.

37/ Kuma waɗannan kalmomi sun daɗe a bakinmu. Alama: wani harafin Larabci da Hausawan da suka mayar "l". Farilla, larura, alwala, alƙali, duk a Larabci da harafin "lādi" suke. Kalmar da ta sha wannan sauyi ba jiya ta zo ba, ta ga ƙarnoni a bakin malamai da fatake.

38/ Mu gwada ma'aunin a titi. Tsaya a Court Road nan Gyadi-Gyadi ka kalli Adaidaita Sahu. Inji da taya uku: rukuni. Fenti ruwan ɗorawa da lambar hukuma: sharaɗi, ba su ke tafiyar da shi ba, amma in babu su ba za a bar ka ka yi lodi ba. Labulen ruwan sama: muhimmi. Rubutun habaicin da ke baya: ado 😅

39/ Ko ɗanwake. Kuka da kanwa su ke haɗa shi ya yi danƙo. Mai da yaji ba a cin sa babu su. Ƙwai da kabeji da tumatir ƙari ne na mai hali. Wake kuwa, wanda sunansa ke kai, yanzu a wurare da yawa fulawa ta kore shi. Ka ga inda aka cire rukuni aka bar suna. Haka wasu ƙungiyoyinmu suke, amma ba yau ba.

40/ Inda nake da ƙorafi da mu matasa: mun mayar da "muhimmi" maganin kowace cuta. Duk kalmar Turancin da ta yi mana nauyi sai mu ce "muhimmi". Alhali muhimmi yana iya fita a ci gaba da tafiya, da ɗingishi dai. Rukuni in ya fita, tafiyar ta ƙare. Tsakaninsu akwai nisa kamar Darmanawa da Dawanau.

41/ Kuma wannan ba gardamar malamai ba ce kawai, akwai kuɗi a ciki. Takardar haya, takardar ɗaukar aiki, takardar bashi, da yawa suna ɗauke da layin da ke cewa takardun da aka liƙa a baya "integral part" ne na yarjejeniyar. In aka fassara maka da "suna da muhimmanci", sai ka ce to madalla, ka sa hannu.

42/ Alhali abin da layin yake cewa: duk abin da ke cikin waɗancan shafuka na baya ya hau kanka daidai da shafin da ka sa wa hannu. Tarar jinkiri, ranar tashi, abin da za a cire a albashi. Fassarar gaskiya ita ce: "Waɗannan takardu jikin yarjejeniyar ne, hukuncinsu ɗaya." In ka ga kalmar nan, juya baya ka karanta kafin ka ɗauki biro.

43/ Magabata sun sha wannan aiki kafin mu. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi Barth har Ingila, da bakinsa Schön ya tattara Hausar da ta taimaka masa a ƙamusunsa na 1876, kuma a nan Nasarawar Kano ya ƙare rayuwarsa. Bargery ya fitar da nasa a 1934. Abraham da Malam Mai Kano a 1949. Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006.

44/ Tsakanin nan ga Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, ga Hukumar Harshen Hausa a 1955, ga Sashen Hausa na BBC a 1957. Gadon da irin waɗannan ma'aikata suka bar mana shi ne a fassara nufi, ba harafi ba. Dubi "Majalisar Ɗinkin Duniya". Babu ɗinki a sunan Turancin, amma duk Bahaushe ya gane aikin da aka kafa ta ta yi.

45/ Don haka ga ɗan abin ajiyewa a waya. In ka haɗu da kalmar, yi tambaya ɗaya: ana maganar abu gaba ɗayansa ne, ko ɓangarensa?
Gaba ɗaya: cikakke, sukutum, kammalalle.
Ɓangaren da in babu shi babu abin: rukuni, ginshiƙi, jigo.
A takardar doka: jikin yarjejeniyar ne.
A maganar ƙasa: yanki ne da ba ya rabuwa da ita.

46/ In kuma kishiyarta aka tambaya, Hausa ba ta rasa ba: ƙari, ado, cikon benci, ɗan rakiya, ɗan kallo. A JAMB dai, in jimlar ta ce wani abu "integral" ne ga wani abu, ko ta haɗa ta da "part", to "essential" ake nema. Haka na faɗa wa ƙanena. Ya ce da tun farko na faɗi haka da ya tafi ya kwanta 😭

47/ Kafin a tashi na tambayi Baba: "To Baba, yanzu ku wanne ne a Najeriya, rukuni ko cikon benci?" Ya naɗe tabarmarsa ya ce, "Takardar Bature ta ce mu gaɓa ne ba a tambaye mu ba, muka ƙi. Da aka gyara aka tambaye mu, muka yarda. Ku kun tashi kun gan ku a ciki ne. Mu da ƙafarmu muka shigo."

48/ Ya ƙara da cewa shekarun nan da Gwoza da Bama da Mubi suka faɗa hannun 'yan Boko Haram a 2014, abin da tsofaffinsu suka yi ta tambaya ke nan: da gaɓar jiki ce, da an bari ta kai haka? Majalisa ta yi tsit. Babu wanda ya ba shi amsa, ni ma ban da ita.

49/ Nan zan tsaya. 'Yan Mubi, Ganye, Gwoza, Dikwa, Gembu, in akwai kaka ko kakan da ya jefa ƙuri'a a 1961 kuma yana raye, don Allah ku zauna da shi ku ɗauki muryarsa a waya tun da sauran lokaci. Sauran jama'a kuma, a garinku wace kalma kuke cewa da abin da ba a yi sai da shi? Ku ajiye a ƙasa. In na yi tuntuɓe a gyara mini. Sai da safe.